Ofis a bayan keke: Yadda wasu ke yawon duniya suna aiki ta intanet, da abin da hakan ke buƙata a Kaduna

A shekarun da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, keke shi ne dokin ma'aikaci a kudancin birnin Kaduna. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, sannan Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, unguwanni irin su Nasarawa da Makera suka cika da mutanen da suka zo daga sassa daban-daban na ƙasar nan domin neman albashi. Wanda ya tara kuɗi ya sayi Rali a wancan zamani ya shiga sahun masu rufin asiri. Daga baya babur ya ture keke, masaƙun kuma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya: Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007.

Abubuwa biyu sun sauya tun daga lokacin. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa mutane da dama sun karkaɗe ƙurar kekunan da suka jingine. Sannan a cikin 'ya'ya da jikokin ma'aikatan masaƙa an samu masu cin abinci da kwamfutar tafi-da-gidanka: mai zanen tambarin kamfani, mai fassara, mai tace bidiyo, mai rubuta manhaja, waɗanda sau da yawa ba su taɓa ganin wanda suke yi wa aiki ido da ido ba. A wasu ƙasashe waɗannan abubuwa biyu sun haɗu sun haifar da wani salon rayuwa, inda mutum ke ɗaure guzurinsa da kayan aikinsa a jikin keke, ya bi hanyoyin karkara na makonni ko watanni, yana yada zango yana aiki, kuɗin aikin kuma na biyan tafiyar. Hotunan irin waɗannan matafiya sun cika YouTube da Instagram, kuma suna jan hankalin matasa a nan gida.

Yadda abin ya samo asali

Mutumin da aka fi danganta farkon wannan salo da shi Ba'amurke ne mai suna Steven Roberts. A 1983 ya bar gidansa a birnin Columbus na Jihar Ohio, ya hau wani keke da ake tuƙawa a kishingiɗe, ɗauke da ƙaramar kwamfuta samfurin Radio Shack Model 100 da ɗan farantin sola. Marubuci ne mai zaman kansa. Yakan rubuta maƙala a inda dare ya yi masa, ya tura wa mujallu ta layin tarho, ya ci gaba da tafiya. Ya ci dubban kilomitoci a haka, ya kuma ba da labarin a littafinsa Computing Across America. A 1997 Tsugio Makimoto da David Manners suka fitar da littafin Digital Nomad, inda suka yi hasashen cewa fasaha za ta raba aiki da ofis, mutane su koma yawo tamkar makiyaya. Sunan littafin ne ya zama laƙabin masu wannan rayuwa.

Annobar korona ta 2020 ce ta mayar da hasashen kasuwa. Da kamfanoni suka ga aiki na tafiya ko da ma'aikaci na gida, sai ƙasashe suka fara zawarcin masu albashin waje su zo su kashe kuɗinsu a wurinsu. Barbados da Istoniya sun ƙirƙiro biza ta musamman a 2020, Morishas da Kep Bade suka bi sahu, Namibiya ta fito da tata a 2022, ta wata shida, bisa sharaɗin mai nema ya nuna yana samun aƙalla dala 2,000 a wata. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu waɗanda aka yi wa tanadin.

Shi kuwa salon hawan keken ya bambanta da tsere. Ana rage kaya iya ragewa, a ɗaure jaka ɗaya a kan keke, ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ɗaya a tsakiyar ƙarfen, domin a iya bin burji da turba da gefen duwatsu inda mota ba ta zuwa. Shahararriyar hanyar masu wannan sha'awa ita ce Great Divide, mai tsawon fiye da kilomita 4,000, wadda ta taso daga Kanada ta bi tsaunukan yammacin Amurka har iyakar Meziko. A Afirka akwai ayarin Tour d'Afrique da aka fara a 2003, daga Alƙahira zuwa Kef Tawun, tafiyar kimanin wata huɗu.

Fatake da alhazan ƙafa

Bahaushe ba zai ji wannan labari a matsayin baƙon abu ba. Tafiya mai ciyar da kanta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 fataken goro kan tashi daga Kano da Sakkwato da Katsina zuwa Gwanja, su kai har kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, suna saye da sayarwa a hanya, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Alhazan ƙafa sun fi su nisa. Sukan bi ta Borno, su ratsa Chadi ta Abeche, su shiga Darfur, su nufi gaɓar Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago, ko ɗinki, ko wanzanci, ko karantar da yara, a tara na gaba. Bayan buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, dubban 'yan Afirka ta Yamma sun yi aiki a can da niyyar ƙarasawa Makka. Wasu sun isa bayan shekaru, wasu suka hayayyafa a hanya, har masanin nan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a kan zuriyarsu mai suna Permanent Pilgrims a 1995.

Abin lura a tarihin nan shi ne ba da ƙarfin ƙafa kaɗai aka yi waɗannan tafiye-tafiye ba. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, yana da jagaba mai sanin hanya da mashaya. A kowane babban gari akwai zango, akwai fatoma mai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Unguwannin da ake kira Zongo a Kumasi da Accra, da Sabo a Ibadan, daga irin wannan tsari suka tsiro. Matafiyin ya san inda zai kwana, kuma akwai wanda zai ce “na san shi”. Mai keke na yau ya fi bafatake saurin tafiya, ya fi shi samun labari, amma sau da yawa ba shi da madugu kuma ba shi da fatoma.

Ko a tarihin Najeriya na kusa akwai misalai. A 1952 Olabisi Ajala, yana ɗalibi a Amurka, ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles, tafiyar fiye da kilomita 3,600 cikin kwana 28, yana tsayawa a garuruwa yana gabatar da lacca kan Afirka. Daga baya ya zaga ƙasashe da dama a kan babur ɗin Vespa, ya wallafa An African Abroad a 1963. Sunansa ya zama karin magana ga mai yawan tafiya a ƙasar Yarabawa, amma ya rasu a Legas a 1999 cikin ƙuncin rayuwa. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur cikin kimanin kwana 40 domin tara kuɗin yaƙi da shan-inna. A ƙarshen wannan shekarar Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya tashi daga Jos a kan keke tun 2021, ya isa Saudiyya. Sai Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, wanda a 2023 ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 a kan keke da nufin zuwa Jami'ar Azhar. An tsare shi sau uku a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, kuma a Chadi tafiyar keken ta tsaya, inda masu taimako suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira.

Aikin ne ke ɗaukar keken

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da sayen keke. A duk lissafin, keke ne mafi araha. Na gwanjo mai giya da faffaɗar taya ya wadatar, kuma wanda bakaniken kowane ƙauye zai iya gyarawa ya fi mai tsadar da sai an yi odar kayansa daga waje. Famfo, tif biyu na ajiya, kayan faci, ƴan sifanoni da man sarƙa sun rufe yawancin matsalolin hanya. Abin da ke da wuyar samu shi ne aiki tabbatacce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda har yanzu yake fafutukar samun abokin hulɗa na farko a Upwork ko Fiverr yana buƙatar zama wuri ɗaya da wuta da sabis mai ƙarfi, domin a waɗannan dandali amsa saƙo da wuri da cika alƙawari a kan lokaci su ne jarin mutum. Aiki ɗaya da aka makara wajen miƙawa saboda taya ta yi faci a daji kan jawo mummunar shaida, kuma shaidar tana nan a shafin mutum kowa na gani.

Akwai kuma lissafin jiki. Mai matsakaicin ƙarfi da ke ɗauke da kaya kan yi kilomita 60 zuwa 80 a yini a hanya mai kyau, wato awa biyar zuwa shida a kan sirdi. Wanda ya yi haka ba zai zauna da yamma ya yi aikin ƙwaƙwalwa na awa shida ba. Shi ya sa masu daɗewa a harkar ke raba mako: kwana biyu ko uku na tafiya, sauran a zauna a gari mai masauki da lantarki a yi aiki. Hotunan da ake gani na mutum da kwamfuta a kan cinya a ƙarƙashin bishiya yawanci don kyamara aka yi su, domin hasken rana ba ya barin a ga allo, ƙura kuma ba ta raga wa na'ura.

A nan ɗan Najeriya yana da wata 'yar sa'a. Agogonmu daidai yake da na Landan a lokacin bazararsu, kuma yana gaban na New York da awa biyar zuwa shida. Wanda ya kama hanya bayan sallar Asuba ya sauka kafin Azahar, ya yi wanka ya huta, zai tarar abokin hulɗarsa na Amurka yanzu yake buɗe ofis.

Wuta ita ce matsala ta gaba. Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum na cin kusan duk abin da babban pawa bank mai lamba 20,000 ke riƙewa, wato caji ɗaya ke nan ko ƙasa da haka. Ƙaramin injin da ake haɗawa da tayar gaba yana ba da wat uku ne kacal, ya ishi fitila da waya, bai kai ga kwamfuta ba. Farantin sola mai naɗewa na taimakawa, amma a kan keke mai tafiya ba ya fuskantar rana yadda ya kamata. A ƙarshe dai shagon mai caji da janaretan masauki su ne abin dogaro. Layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban wajibi ne. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ma ƙasar Afirka ta farko da ta samu, sai dai kuɗin na'urar da wutar da take ci sun sa ta fi dacewa da mai zama wuri ɗaya ko mai mota.

Maganar kuɗi kuwa fuska biyu gare ta. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, mai karɓar dala ya ga abin da yake samu ya ninka a lissafin naira, kuma a ƙauye abinci da kwana ba su kai na birni tsada ba. Amma hukuma ma ta lura. Dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga Janairun 2026, ta tanadi cewa mazaunin Najeriya zai biya haraji kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Yawo a kan keke ba ya cire mutum daga jerin mazauna.

Hanyar da ba ta buɗe ba

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da dabara. Wanda dabara ba ta isa ba shi ne tsaro, kuma a nan ne labarin Kaduna ya rabu da na Ohio.

A taswira, Jihar Kaduna aljannar mai keke ce. Akwai duwatsun Kagoro, da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, da garin Nok wanda ya ba tsohuwar wayewar nan suna, da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, da Dutsen Kufena a Zariya, da fadar Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Sai dai a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari fadar ta Kajuru, suka kashe mutum biyu, Faye Mooney 'yar Birtaniya da Matthew Oguche ɗan Najeriya. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka dakatar da zirga-zirgarsa har Disamba. A ranar 7 ga Maris 2024 aka sace ɗaliban makaranta a Kuriga, wadda ke Ƙaramar Hukumar Chikun, ƙaramar hukumar da ita kanta Nasarawa ke ciki. An samu sassauci a wasu yankuna daga baya, amma yanayin kan sauya daga wata zuwa wata, kuma turbar daji mara jama'a, wadda ita ce abin marmarin masu wannan salo a Turai, ita ce mafi hatsari a nan.

Matsalar ba ta tsaya ga ɓarayin daji ba. A garin da aka sha wuya, baƙon da ya ɓullo shi kaɗai da jakunkuna, yana ɗaukar hoto yana duba taswira a waya, abin tuhuma ne, kuma mutanen garin ba su yi laifi ba da suka tuhume shi. Yana iya faɗawa hannun 'yan sintiri a matsayin mai kai rahoto. Abin da ya sami Barry a Burkina Faso da Togo yana iya samun kowa. Hatta matakan gwamnati kan shafi matafiyi: a ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna na tsawon makonni domin yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara. Ga mai aikin intanet, wannan daidai yake da a kulle masa shago.

Maganin da ake da shi tsohon magani ne. Kwana a tanti a fili, wanda shi ne rabin daɗin abin a wasu ƙasashe, ba shawara ba ce a yawancin Arewa a yanzu. Ana isa gari da rana tsaka, a nemi mai unguwa ko dagaci a gabatar da kai, a nuna katin shaida, a faɗi inda aka fito da inda aka nufa. Wanda ya zo da sunan wani ɗan garin, ko ɗan kasuwar da ke da abokin ciniki a can, ko ma'aikacin da ya taɓa zama a wurin, ya fi wanda ya zo da taswira kaɗai kwanciyar hankali. Direbobin tasha sun fi kowace manhaja sanin hanyar da ta yi kyau a makon nan. Tafiya mutum uku ko huɗu ta fi ta mutum ɗaya. Kuma wallafa inda ake a Facebook kai-tsaye ganganci ne. Masu hankali kan jinkirta hoto sai sun bar wurin da kwanaki. Idan aka duba da kyau, wannan duk aikin madugu da jagaba da fatoma ne aka rarraba.

Tsallaka iyaka ma ya ƙara wuya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma izinin ziyara ne, kuma ana neman katin rigakafin shawara. An rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Tsohuwar hanyar alhazai ta Darfur kuwa yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe ta.

Ga ma'aikaci da ɗan kasuwa

Ma'aikacin gwamnati da wannan rayuwa ta burge shi ya kamata ya tuna cewa Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Saboda haka ɓangaren aikin intanet ba nasa ba ne sai ya ajiye aiki ko ya yi ritaya. Ɓangaren keken kuwa a buɗe yake, musamman ganin cewa a Disambar 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta fito da tsarin zuwa ofis kwana huɗu a mako. Ɗan kasuwa ya fi sakewa, domin da yawa a cikinsu tuni suke sayar da kaya ta WhatsApp, su karɓi kuɗi ta banki, yaron shago ya miƙa kaya. A wata fuskar ma sun riga masu kwamfuta shiga harkar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin zafin bazara. A Maris da Afrilu mai keke kan sha lita biyar zuwa sama a yini, kuma kowace lita kilo guda ce a kan taya. Gwaji mafi sauƙi ga ɗan Nasarawa shi ne Zariya, mai nisan kimanin kilomita 80 daga Kaduna, ban da ratsa gari zuwa Kawo. Hanyar ta bi ta Rigachikun da Mararrabar Jos da Birnin Yero da Jaji, akwai jama'a da mai shayi da mai faci kusan ko'ina, kuma babban abin tsoro a kanta shi ne tirela da motocin haya, don haka fitila da riga mai ƙyalli da hular kwano ba ado ba ne. A Zariya akwai masauki da wuta da sabis, akwai ganuwa da Masallacin Juma'a na cikin birni wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Wanda ya gaji yana iya ɗora keken a mota ya dawo. Wanda bai gaji ba zai tarar iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas kuma ta yi ta dukan ƙirjinsa a hanyar zuwa, ta koma bayansa tana tura shi har Kawo.